Na je Amurka na dawo da hotunan daɓe

Tun da na dawo, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka ya ce in nuna masa hotunan Amurka, ba ya daɗewa da wayar a hannu. Zai shafa sau biyar, sau goma, sai ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ai wannan duk ƙasa ce." Da gaskiyarsu. Cikin hotuna wajen ɗari huɗu da na ɗauko, in ka cire na jariri da na ranar suna, sauran duk daɓen siminti ne, da bakin takalmina a gefe. Bari in faɗi yadda aka yi.

'Yarmu ce ta haihu a Oakland, jihar Kalifoniya, inda mijinta yake aiki. Tafiyar ta Hajiya ce, don ita za ta tsaya mata wankan jego, ni ɗan rakiya ne kawai. Sana'ata gini. Shekara talatin da ɗoriya ina ƙananan kwangiloli a Kano: kwalbati, lambatu, katangar makaranta, wani lokaci ajujuwa biyu ko uku. Mahaifina magini ne na ginin ƙasa, a hannunsa na fara cuɗa tubali kafin bulo ya kore shi.

Mun bar gida bayan sallar Asuba a motar da muka yi shata zuwa Kaduna. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Zariya na ƙirga shinge huɗu, bayan nan na daina ƙirgawa. Yawancinsu direba ya ɗaga hannu ne aka ɗaga masa. A wani wuri ne kawai aka ce a buɗe but, jami'in ya zuge jakar bakkon Hajiya, warin daddawa ya buge shi, ya rufe da kansa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Daga Rigasa muka hau jirgin ƙasa zuwa Idu, muka kwana a Abuja gidan wani ƙanen Hajiya, washegari muka tashi zuwa Istanbul.

Wahalar tana gaba. Daga Istanbul zuwa San Francisco awa goma sha uku ne a zaune, kuma jirgin ba ya miƙewa yamma kai tsaye, sai ya yi arewa ya bi ta saman ƙanƙara. Rana ta ƙi faɗuwa. Na duba agogo na duba taga, lissafin salla ya rikice mini, ƙarshe na bi agogon inda muka baro na yi ta yi a zaune. Ƙafafun Hajiya suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

A filin jirgi, jami'ar kwastam ta tambaye mu ko muna ɗauke da abinci. 'Yarmu ta riga ta ja mana kunne: kada a zo da kilishi ko dambun nama, kuma duk abin da aka tambaya a faɗi gaskiya. Na lissafa mata kuka, kuɓewa busasshiya, yajin jego, daddawa. Ta sa safar hannu ta buɗe ƙullin daddawar, ta ɗan ja da baya, ta tambaya ko nama ne. Na ce 'ya'yan itace ne. Ta juya ta juya, ta ƙulle mana kayanmu. Daddawar nan ta wuce shinge biyu da warinta kaɗai.

Surukina ya ɗauke mu a mota, muka haye doguwar gadar da ta haɗa San Francisco da Oakland, wadda aka buɗe a 1936. Gidansu hawa na biyu ne a wani tsohon gidan katako a unguwar Temescal, ɗaki biyu da falo. Da na ji kuɗin hayar wata ɗaya, na buga shi da canjin dala, sai na ga a Kano zai yi wa mutum harsashin gida har ya ɗora bulo. Ban sake tambayar kuɗin komai a gidan ba. A waje kuwa ba yadda zan yi: kofin shayi dala huɗu, ba madara mai kauri, ba burodi.

Tsakaninmu da su awa takwas ne a wannan lokacin na shekara. Ƙarfe uku na dare idona biyu, tarau. In na yi Asuba ba abin yi, gidan cike da mata da kukan jariri, ni kuma ban saba zaman ɗaka ba. Sai na fara fita zagaya unguwa, da rigar sanyi a kan kaftani, don hazon da ke tasowa daga teku da safe yana shiga ƙashi.

A kwana na uku ne na yi tuntuɓe. Saiwar bishiya ta ɗaga wani falle na daɓen gefen titi, inda masu tafiya a ƙasa suke bi, na buga yatsa na dafa ƙasa da hannu. Ina durƙushe ina salati sai na ga rubutu a gaban hancina. Ba da fenti ba, ba kuma da tsinke aka ja shi ba. An danna shi ne cikin simintin tun yana ɗanye, haruffa a jere tsaf cikin zane mai kusurwa uku: Oakland Paving Co., da shekara, 1912.

Na manta da yatsa. Na shafa wurin da tafin hannu. Shekara fiye da ɗari ana taka wannan daɓe, kuma ko ɓarewa bakinsa bai yi ba. Inda saiwar ta karya shi na leƙa cikinsa: ƙasan kankare ne mai manyan tsakuwa, samansa kuma an shimfiɗa wani siririn kwaɓi mai laushi, mai duhu, kamar an sa masa baƙin tukunya. Daga baya na ji cewa da gangan suke zuba baƙin garin hayaƙi a kwaɓin sama don kada hasken rana ya riƙa kashe ido. An tsaga shi gida-gida da layuka masu zurfi, yadda in zai fashe sai ya bi layin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya yi wannan aiki bai ci simintin ba.

Daga ranar na daina kallon sama. Ashe ko'ina suke. Taku ashirin, talatin, sai ka ga wani. Wani zagayayye, wani kamar ƙwai, wani kamar takalmin doki, wani suna ne tsirara ba ado. Wasu da shekara, wasu har da adireshin mai aikin ko lambar wayarsa irin ta da. Sunan J. H. Fitzmaurice na gan shi har na gaji. Sunayen Italiyawa kuwa ba a magana, kuma surukina ya ce dama Temescal unguwarsu ce a da, kafin Habashawa da 'yan Eritiriya su cika titin Telegraph da gidajen abinci. Can muka ci wata faffaɗar waina mai tsami da ake kira injera, wadda Hajiya ta ce sinasir ce da ta kwana uku.

Jikata mai shekara bakwai ta zama 'yar rakiyata ran Asabar da Lahadi. Ina ce mata Amarya, tana ce mini Angona da Hausarta da ta karkace. Ita ke gudu gaba tana nemowa.

"Angona, ga wani! Wannan ya fi ka tsufa?"

"Ya fi ni, Amarya."

"Ya fi babanka?"

"Shi ma ya fi shi."

Sai ta tsaya tana kallona kamar ba ta yarda akwai abin da ya girme ni ba.

Ita ce ta gano mini wanda ya fi taɓa ni. A tsakanin Oakland da maƙwabcin garinta Berkeley akwai wani suna, Schnoor. Mun fara ganinsa shi kaɗai, Paul Schnoor. A wani layin muka ga an ƙara masa "da ɗansa". Can gaba, a daɓen da shekarunsa suka fi kusa, sunan uban ya ɓace, saura "'yan'uwa Schnoor". Ba wanda ya ba ni labarin gidan nan, amma na karanta shi da ƙafa: uba ya fara, ɗa ya tasa ya kama masa, uba ya kau, 'ya'ya suka riƙe. Na tuna mahaifina, wanda ya yi shekara arba'in yana ɗaga soraye a cikin birni, kuma yau ba bango ɗaya da zan kai jikata in ce mata ga hannunsa. Mu namu a baki ake ajiye shi. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau ana kiran sunansa, amma shi ɗaya ne cikin dubbai, kuma sarki ya yi wa aiki. Abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne kwanan watan da magini ke ja da ƙusa a bakin rijiya ko a dakalin ƙofar gida. Shi ma kwanan wata ne kawai, da wuya ka ga suna.

Wata safiya ina tsugune a ƙofar wani gida ina ɗaukar hoto, sai na ji an buɗe ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ce da kofi a hannu, ta tambaye ni ko lafiya, da irin muryar da ke nufin me kake nema a nan. Baƙin mutum da hula da doguwar riga, durƙushe a ƙofar gidan mutane da sassafe, ni ma da gidana ne zan tambaya. Na nuna mata hatimin, na ce ni magini ne daga Najeriya. Nan take fuskarta ta sake. Ta sauko ta nuna mini inda aka yi gyara a bara. A dokar Kalifoniya, ta ce, gyaran daɓen da ke gaban gida yana wuyan mai gidan ne, kuma kuɗin da ta biya ya sa ta yi mako ba ta yi barcin kirki ba. Amma ta kafa wa mai gyaran sharaɗi: ya fasa ko'ina, ban da fallen da ke da hatimi. Ga shi nan kuwa, tsohon falle mai duhu a tsakiyar sabon farin siminti, kamar haƙorin Makka. Ta ce a San Diego hukumar gari ce ma take sa a yanko tsohon hatimi a mayar da shi cikin sabon daɓe.

Na tambaye ta abin da ke cina: wa ya sa su? Ta ce talla ce, kuma shaida ce. Da dare surukina ya bincika mini a kwamfuta, ya ce garuruwa da yawa doka suka yi, har ya karanto mini ta Chicago, wadda ta ce kafin simintin ya bushe, mai aikin ya danna sunansa da adireshinsa da shekarar da ya yi aikin a gaban kowane fili. Wato in daɓe ya lalace, ba sai an je ofis neman fayil ba. Mai laifin yana nan kwance a ƙasa, kowa na taka shi.

Shi ne kuma ya warware mini dalilin da ya sa shekarun 1907 zuwa 1930 suka fi yawa a hotunana. Ranar 18 ga Afrilu 1906 girgizar ƙasa da gobara suka cinye San Francisco, jama'a suka tsallako ruwa zuwa Oakland, da yawa ba su koma ba. A ƙidayar 1900 mutanen garin ba su kai dubu 70 ba, a ta 1910 sun kai dubu 150, ko da yake har da unguwannin da aka haɗe cikin garin a tsakanin. Gonaki suka zama filaye, filaye suka zama layuka, kowane layi yana son daɓe. Kakar 'yan kwangila ta yanke saƙa. Dutsen ma a nan kusa suke fasawa. Surukina ya kai ni wani rukunin kantuna a kan titin Broadway, ya nuna mini wani katafaren rami mai ruwa a bayansu da bangon dutse a tsaye, ya ce tsohon wurin fasa dutsen su Bilger ne, waɗanda na ga sunansu a ƙasa, Blake & Bilger.

Akwai wani hatimin da ba sunan mutum ba ne, haruffa uku ne da shekara: WPA 1940, WPA 1941. Wannan na gwamnati ne. Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar a 1935 don ta ɗauki marasa aiki, kuma kafin a rufe ta a 1943 mutum wajen miliyan takwas da rabi sun ci abinci a ƙarƙashinta, suna gina hanyoyi da gadoji da makarantu. Na tsaya a kan ɗaya na daɗe. Babu sunan Roosevelt a jiki, babu hotonsa, babu sunan gwamna. Na tuna allunan da ni kaina na sha kafawa a bakin aiki: sunan mai girma wane da manyan baƙaƙe, hotonsa yana murmushi, sunan kamfanina can ƙasa da ƙananan haruffa. Kuɗin allon wani lokaci ya kai na buhun siminti goma. Damina biyu fenti ya koɗe, ta uku 'yan jari-bola sun yi gaba da ƙarfen.

Kada a ce na je na ruɗe. Oakland ba aljanna ba ce. Na ga ramuka a kwalta da za su kunyata wasu titunan Kano, na ga tantunan marasa gida jere a ƙarƙashin gadoji, da bola a inda ba a zata ba, kuma an gargaɗe ni kada in bar ko jakar leda a cikin mota. Su kansu tsofaffin daɓen, waɗanda suka yi ƙarko ne suka rage har na gan su. Na 'yan algus an daɗe da fashe su, sun tafi da sunayen masu su. Ga shi garin ba ya ƙanƙara, ba kuma tirela ko mai kurar ruwa da ke hawa kai. Duk na san wannan. Amma bai hana ni jin abin da na ji ba.

Ranar wata Juma'a, muna dawowa daga masallaci, inda na ga Yamalawa sun fi kowa yawa, muka tarar da ma'aikata suna fasa kusurwar wani layi. 'Yan Meziko ne, da Sifaniyanci suke magana a junansu. Na ce wa surukina ya wuce gida, zan taho. Suna yin gangaren da keken guragu ke hawa ne, da wani faranti rawaya mai ƙuraje don makafi su ji da sanda. Surukina ya ce a Berkeley aka fara irin wannan gangare a yankin, a 1972, bayan nakasassun ɗalibai sun matsa lamba, sannan dokar ƙasa ta 1990 ta wajabta shi. Abu ne mai kyau, sai dai a kusurwa tsofaffin hatimai suka fi yawa, don haka gyaran yana cinye su. A gabana injin ya ɓare wani, na ga rabin suna a cikin ɓaraguzai.

Na kusa awa biyu a wurin. Babu mai kwaɓi da shebur, babu kwanon sarki. Mota ce ta zo da kankaren a kwaɓe, da takardar da ta faɗi ƙarfinsa. Suka baje, suka ja katako, suka jira ruwan sama ya janye, suka bi da cokali, suka fitar da baki, ƙarshe wani ya ja tsintsiya a kai don kada ya yi santsi. Helmansu ya lura da ni, ya tambaya da guntun Turancinsa, na amsa da nawa. Na nuna masa hotunan wayata na ce ina nasa hatimin. Ya yi dariya ya ce na kamfani yana cikin wata motar, wani lokaci a buga, wani lokaci a manta. Ya ce yanzu komai yana kwamfutar hukuma. Sai ya miƙo mini cokalin ya ce in gwada. Na naɗe hannun riga na ja layi ɗaya. Ya duba, ya ɗaga mini babban yatsa. A wata kusurwa a Oakland akwai taku biyu na aikin hannuna, ba suna.

A daren ban yi barci ba, kuma ba bambancin agogo ba ne. Wani kwalbati na tuna, da na yi shekarun baya a wata ƙaramar hukuma da ba zan ambata ba. A takarda, buhu ɗaya na siminti zai ci kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Kafin kuɗin su iso hannuna kowa ya yagi rabonsa, ni ma ina da iyali, sai na sa buhu ya ci shida da goma sha biyu, na rage rodi. Damina ta uku ya rufta da motar itace a kai. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ba wanda ya neme ni, don ba wanda ya san ni ne. Na sha wucewa ta wurin ina jin mutane na tsine wa gwamnati, ni ma ina gyaɗa kai.

Mun leƙa San Francisco sau ɗaya a jirgin ƙasa na BART da ke bi ta ƙarƙashin ruwa, Hajiya ta riƙe hannuna tana ta addu'a har muka fito. Can sunayen tituna ake dannawa a kusurwoyi, kuma Amarya ta gano wani da aka juya masa harafi, ta yi ta dariya wai manya ma ba su iya rubutu ba. Bayan 'yan makonni na baro Hajiya sai ta cika arba'in da 'yan kwanaki, na biyo hanyar da muka zo.

Sati biyu da dawowata na je wurin masu zuba tukwanen dalma na ba su zane: sunana, Kano, da shekara. Na farko da suka zubo mini sun rubuta shi daidai yadda ake karantawa, da na danna a yashi sai ya fito a juye. Na koma na yi musu bayani da madubi, muka yi ciniki a karo na biyu. Aikin da na fara samu ɗan ƙarami ne, murfin lambatu a ƙofar wani kanti. Da muka gama zubawa na jira ya ɗan sha iska, na fito da abin daga mota na ɗora a kusurwa na taka da ƙafa. Leburori suka taru suna kallo. Helman aikina, wanda ya shekara goma sha biyar tare da ni kuma yana wurin ranar wancan kwalbatin, ya sunkuya ya karanta, ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Alhaji, haka za a riƙa yi yanzu?"

Na ce haka nake so.

Ya yi shiru, ya dubi tarin yashin da ya rage, ya dubi buhunan da ke jingine a bango. Ya ce, "To na gobe sai an ƙaro buhu uku."